Binciken Kawu Jumare

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, 2025, gari ya waye da raɓa, ga hadari ta gabas amma bai zubar ba. Hafiza na shara a tsakar gidansu a Kudan lokacin da Kawu Jumare ya yi sallama. Shi aka aika Likoro binciken halin Muhsin, malamin firamaren da ke neman aurenta.

Daga bayan labule ta ji komai. Kawu ya ce yaron na salla, ba ya shaye-shaye, amma maroƙi ne. Wai yana yawo a wayoyin mutane yana neman taimako zai buga littafi, kuma rabin masu tura masa kuɗi 'yan mata ne.

"Maroƙi ba zai ɗauki 'yata ba," in ji Malam Tukur, mahaifinta. "A dakatar da sa rana."

Hafiza ta san da maganar littafin, amma ba ta san da 'yan matan ba. Kwana uku ba ta ɗaga wayar Muhsin ba. Ta yi kuka, ta bi sunayen masu tura kuɗin da Kawu ya kawo ɗaya bayan ɗaya, zuciyarta na zarginsa. A na huɗu ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, duk hukuncin da ka yanke na bi. Amma ka tambayi ko ɗaya daga cikinsu tukuna."

Ranar kasuwar Makarfi ya tafi da ita gidan amininsa Maiwada, wanda sunan jikarsa Rahama ke cikin masu tura kuɗin. Rahama ta yi dariya, ta ce ita ko fuskar Muhsin ba ta sani ba. Ta bayyana cewa shekara biyu ya yi yana bin tsofaffi, yana rubuta yadda suke dafa mazarƙwaila da adana irin dawa. Masu ɗab'i sun ce littafin ƙauye ba zai sayu ba, shi ya sa matasa suka haɗa hannu.

"Kakata Mairama ta rasu bara, Baba. Maganarta na shafi na tara. In ba mu buga ba, wa zai buga mana?"

"Gayya ce, Tukur," Maiwada ya ce. "Kai ba ka taɓa kiran gayya a gonarka ba? Roƙo ka yi?"

Malam Tukur ya miƙe, ya yi wa amininsa sallama. A mota, kunyar zargin da ta yi wa Muhsin ta hana Hafiza ɗago kai. Ta gane cewa zato na rushe abin da tambaya ɗaya za ta gyara, kuma haƙurinta ne ya ba gaskiya lokacin fitowa.

Washegari Malam Tukur ya sa ta rubuta wa yayansa da ke Ibadan, waliyyinta, wanda ba ya yarda da magana mai nauyi a waya, cewa ya zo a sa rana. Da kansa ya hau mota zuwa Zariya, ya jefa wasiƙar a gidan waya.