Shayin da ke Rawa a Kofi

Takardu goma sha ɗaya Baffa ya baje a kan buzunsa, ya danne su da carbi don kada iskar fanka ta ɗebe su. Tun daga bakin ƙofa Sa'adiyya ta gane su. Wasiƙun intanet ne, nata da na Maharazu, an buga su a takarda.

"Zauna."

Ta durƙusa can gefe, jakar makaranta na rataye a kafaɗarta. Gwaggo Turai, ƙanwar Baffa, tana kan kujera ta harɗe hannu. 'Yarta Husaina na tsaye a bayanta tana murza gefen mayafi, kamar ba ita ta kawo takardun ba.

"Wane ne Maharazu?" in ji Baffa.

"Abokin... karatu ne, Baffa."

"Ɗaga murya. Shekara ashirin da shida ina fama da ke ki ɗaga murya."

"Abokin karatu ne."

"Ɗan wane ne?"

"Ban sani ba."

"Wace unguwa?"

"Wajen Ƙofar Mazugal, ina jin."

"Kina ji. Dogo ne ko gajere?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ai ba ta taɓa ganinsa ba, Yaya," Gwaggo Turai ta karɓe. "Wata takwas tana hira da akwati. Wa ya sani ma ko aljani ne ke ba ta amsa? Ga Shehu ɗan'uwanta, shekara biyu yana sintiri a gidan nan, ko ruwa ba ta taɓa kai masa da fara'a ba."

Baffa ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Malamin allo ne, bai san boko ba, Husaina ce ta karanta masa takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Ban ji batsa a ciki ba, alhamdu lillahi. Amma na ji abin da ya wuce karatu. Ba zan yi miki dole a kan kowa ba, Sa'adiyya. Sai dai mu a Yakasai, mai son 'yarmu zaure yake zuwa, maƙwabta su gan shi, a san gidansu. Juma'a bayan la'asar ina nan zaune. Idan bai zo ba, ke da shagon intanet ɗin nan kun yi sallama."

Ya tattara takardun ya miƙa mata.

Duk wanda ya san Sa'adiyya zai iya saita agogonsa da ita. Ƙarfe bakwai ta fita, ta bi lungu ɗaya, ta hau bas ɗaya zuwa makarantar 'yan mata inda take kula da laburare. Ƙarfe biyu ta dawo, ta shige ɗaki da littafi. Tun da ta gama jami'a haka take. An yi ta hayaniyar siyasa, an manna fastocin zaɓe karo na biyu har a bangon zaurensu, ita dai ba abin da ya canza mata.

Alhamis ce kaɗai ta bambanta. Ranar takan tsaya awa guda a shagon intanet na bakin titi, ta leƙa wani dandali inda masu karatu ke musayar wasiƙu. A can ta taɓa rubuta cewa ita takan fara littafi ne daga shafin ƙarshe, don zuciyarta ba ta son fargaba. Mutane suka yi mata ca. Mutum ɗaya ne, Maharazu, ya aiko mata ita kaɗai: "Ni sana'ata ɗinkin littattafai. Shafin ƙarshe shi ke fara yagewa, ashe irinku ne ke cinye shi."

Ta yi dariya har mai shagon ya juyo.

Daga nan ne. Littafi ya kai su ga ruwan sama, ruwan sama ya kai su ga iyaye, har ta wayi gari tana ƙirga kwanaki daga Alhamis zuwa Alhamis. Kuskurenta ɗaya, ranar da ta tafi da Husaina, ta tashi yin salla ta bar akwatin wasiƙun a buɗe.

Ranar Litinin, karon farko a rayuwarta, ta sauka daga bas a bakin shagon intanet a ranar da ba Alhamis ba. Ta rubuta masa duk abin da ya faru. Talata ta koma ta tarar da amsa, layi uku kacal.

"Malama Sa'adiyya, ba zan iya zuwa zance ba. Ba ni da mata, kuma ban taɓa yi miki ƙarya ba, amma akwai abin da ban faɗa miki ba. Ki yafe ni, ki bi maganar Baffa."

Ta yi zaton za ta yi kuka. Ta yi ɗin, kaɗan, a cikin bas. Amma kafin ta kai gida wani abu ya danne kukan: son sani. Mene ne wannan abin da mutum zai ɓoye wata takwas ba tare da ya yi ƙarya ba?

Bayan azahar ta baje takardun Husaina a kan gado, ta fara daga ta ƙarshe kamar yadda ta saba.

Ga inda ya ba ta labarin ƙofar shagonsa koriya da durumin da ke gabanta. Ga ƙamshin fatar da yake sayowa a kasuwar Kurmi don yin bangon littafi. Ga tsofaffin littattafan ajami da malamai ke kawo masa, gara ta ci gefensu. Ga hadari, ya ce ya yi launin tawadar da aka surka. Ga kuma wadda ta fi so: "Maƙera ne maƙwabtana. Ina gane sun fara aiki idan na ga shayina yana rawa a kofi."

Ta tsaya.

Ta sake karantawa. Idan na ga...

Ta koma kan sauran da sauri, yatsa na bin layi. Ya rubuta walƙiya, bai rubuta tsawa ba. Ya rubuta mutane na tururuwa zuwa masallaci, bai rubuta kiran salla ba. Ranar da ta tambaye shi wace waƙa ya fi so, sai ya ba ta labarin wani littafi. Mutum yana zaune a tsakiyar maƙera, amma takarda goma sha ɗaya babu ƙara ko ɗaya.

Ta dafe ƙirji. "Allah sarki..."

Laraba da ta tashi daga aiki ba ta nufi gida ba. Ta ratsa Kurmi a ƙafa, ita da aka haifa a cikin birni amma ba ta taɓa ratsa kasuwar ita kaɗai ba. Ta ɓata sau biyu. Sai da ta tsaya ta tambayi wata tsohuwa mai dakan yaji, tsohuwar ta ce, "Me? Yi magana mana, 'yar nan," ta maimaita. Can wajen Ƙofar Mazugal kunnenta ya kama ƙarar guduma, ta bi ta har lungun.

Ga durumi. Ga koriyar ƙofa.

Ya ba ƙofa baya, siriri ne, hularsa ta ɗan karkace, yana zura allura a bayan wani littafi.

"Salamu alaikum."

Bai motsa ba.

Ta sake, ta kuma sakewa. Maƙeri ya buga guduma, kofin da ke kan teburin ya yi rawa, shayin ya yi zobe-zobe. Ta matsa har inuwarta ta faɗa kan aikinsa.

Ya juyo da sauri. "Sannu da zuwa, Hajiya. Littafi ne?" Muryarsa ta ɗan fi ƙarfin ɗakin. Ya turo mata takarda da biro. "Ki rubuta min, don Allah. Ba na ji."

Ta ɗauki biron ta rubuta: Shayinka yana rawa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Sa'adiyya?"

Ta gyaɗa kai.

"Wa ya faɗa miki?"

Ta rubuta: Kai ne. Ba ka taɓa rubuta tsawa ba.

Ya yi wata 'yar dariya, ya zauna a hankali. "Shekarar sanƙarau ce. Ina shekara ta biyu a jami'a. Na tashi da raina, kunnuwan ne ba su tashi ba." Ya murza allurar a yatsunsa. "A intanet ne kawai ba wanda ke yi min ihu, ba wanda ke ce min Allah sarki. Na so in daɗe a haka. To zance fa? Baffanki ya yi magana in zuba masa ido? Sau ɗaya na gwada a wani gida, har yau ana ba da labari."

Kunya ta kama ta da ta tuna abin da ta furta a ɗaki. Ta ja takardar.

Ni kuma duk rayuwata ce min ake yi in ɗaga murya.

"Wannan kam ba za ki taɓa ji daga bakina ba."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Sannan ta rubuta layi na ƙarshe, ta danna biron har ya huda takardar: Juma'a bayan la'asar. Na ratsa Kurmi ni kaɗai, saura kai.

Ranar Juma'a tana bayan ƙofar zaure, Gwaggo Turai da Husaina sun tsaya kusa da ita, wai sun zo gaisuwa. La'asar ta wuce. Inuwa ta ci rabin tsakar gida.

"Aljanin bai samu mota ba," in ji Husaina.

Sai aka yi sallama, da murya mai ƙarfi.

Ta leƙa ta tsagar ƙofa. Ya durƙusa gaban Baffa cikin farar shadda, littafin rubutu a hannunsa. Baffa ya amsa, ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi sunan mahaifinsa. Maharazu ya kalli bakinsa, gumi na tsattsafo masa.

"Baba, ka gafarce ni. Ni ba na ji. Idan za ka rubuta min a nan..."

"Kurma ne," Gwaggo Turai ta faɗa, ba ta ko rage murya ba. "Yaya, kurma ta kwaso mana."

Baffa ya dubi littafin da biron, ya mayar da su gabansa da yatsa ɗaya. Bai taɓa riƙe biro ba. Maharazu ya fahimci abin yadda ya fahimta, ya ɗauki littafinsa, ya fara laluben takalmi.

"Baffa, yana karanta ajami!"

Har tantabarun kan katanga sai da suka tashi. Ita kanta Sa'adiyya ba ta san tana da wannan muryar ba.

Baffa ya juyo ya dubi ƙofar. "Ikon Allah. Yau kuma ta ɗaga."

Ya miƙa hannu ya kama gefen rigar Maharazu, ya nuna masa tabarma. Ya jawo allo daga jikin bango, ya tsoma alƙalami a tawada, ya yi rubutu, ya juya masa.

Fuskar Maharazu ta washe. "Sunansa Malam Isyaku, Baba. Ya rasu. Jima ce sana'arsa."

Aka wanke allo, aka sake rubutu. Aka wanke, aka sake. Wa ya koya maka ajami? Ta yaya kake sanin lokacin salla? Me ya sa ka ɓoye mata? A kan wannan ta ƙarshe ya ce, "Tsoro, Baba. Kuma ban kyauta ba." Can Baffa ya tashi ya ɗauko wani littafi na kakansa da ya rabu gida uku, suka duƙufa a kai, kamar sun manta abin da ya tara su.

Gwaggo Turai ta kasa haƙuri, ta leƙa. "Yaya, wane irin zama za su yi? Ko jariri ya yi kuka ba zai ji ba."

"Ita za ta ji," in ji Baffa, bai ɗago ba. "Shi kuma abin da ta faɗa masa a wata takwas, ni da kunnena biyu ban taɓa jin rabinsa ba. Zan aika a yi bincike kamar yadda ake yi wa kowa. Idan aka samu aibu, a faɗa min. Wannan dai ba aibu ba ne."

Ya tsoma alƙalami karo na ƙarshe. Sa'adiyya ba ta hango abin da ya rubuta ba, ta dai ga Maharazu ya rungume allon a ƙirji.

"Baba, wannan kada a wanke shi. Ka bar min."

Sai bayan biki ta gani, a rataye a bangon shago, saman teburin ɗinki: Idan bincike ya yi kyau, ka turo manya.

Wata Alhamis ta biyo ta shagon daga makaranta, don yanzu hanyarta ta daina zama ɗaya. Ya ajiye allura yana kallonta.

"Sa'adiyyata, kin rubuta min tsawa, kin rubuta min kukan tantabara. Abu ɗaya kika ƙi. Yaya muryarki take?"

Ta ɗauki biro, ta yi tunani, ta ajiye. Ta leƙa waje, ta tura koriyar ƙofar. Sannan ta kama hannunsa ta ɗora yatsunsa a maƙogwaronta, ta kira sunansa da ƙarfi, har maƙerin da ke maƙwabtaka ya tsayar da guduma.

Ya lumshe ido.

"Tana rawa," ya ce. "Sake faɗa."