Fentin da Ya Rufe Tsatsa

"Motar nan ba za ta ja ɗakin ba, Begimai. Wallahi ba za ta ja ba!"

Tilek, bakaniken da ke son aurenta, ya fito daga ƙarƙashin akori-kurar yana kakkaɓe wando, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada dillalan kasuwar motocin Bishkek su ji.

"Ƙarfen da ke riƙe da ƙugiyar jan ɗakin ya tsage. Walda suka ɗan yi suka shafe da fenti. A kan hawan dutse zai ɓalle, ɗakin ya tafi da duk wanda ke ciki."

Wanda zai kwanta a cikin ɗan ɗakin mai tayoyi ai mahaifinta ne, Ata. Idanun Ata kullum ƙara dushewa suke, likita ya ce da wuya su kai baɗi. Burinsa ɗaya, ya hau makiyayar Son-Kul bana, ya ga tafkin da ya yi kiwon dawaki shekara arba'in a bakinsa. Ƙafarsa ba ta iya doki yanzu, ƙirjinsa ba ya ɗaukar sanyin tanti.

"To ka faɗa masa mana..."

"Ni? Ko kawunnaina ba su zo neman aurenki ba, in gyara wa dattijo magana a gaban maza? Ke ki faɗa."

"Ni 'ya mace in kutsa tsakiyar ciniki?"

Ta waiga. Ata ya riga ya saka hannunsa cikin na mai motar, Kubat, abokinsa tun suna soja. Sai jijjiga hannun suke kamar za su cire wa juna kafaɗa, mutane sun kewaye su suna dariya. Kowa ya sani, da zarar hannayen nan sun rabu ciniki ya faɗa, ba a komawa.

"Sassauta, tsohon ɓarawo!" in ji Ata.

"Kai dai marowaci, har yau ba ka canja ba!"

Begimai ta kama hannun rigar Tilek, hawaye na zubo mata.

"Don Allah, masoyina... don Allah..."

Ya dube ta. Sannan ya cire hularsa ya ratsa taron.

"Baba, a gafarce ni. Bayan motar nan a tsage yake."

Kubat ya haɗe rai. Ata bai ko juyo ba.

"Ɗan wane ne wannan da zai koya mini duba abin hawa?"

"Baba, ku sunkuya ku gani da idonku..."

Begimai ta runtse ido. Tilek bai sani ba, a zatonta ma babu wanda ya sani sai ita da likita, cewa ko Ata ya sunkuya ba abin da zai gani. Kuma gara ya mutu da ya amsa haka a gaban Kubat.

Ata ya ɗaga hannun ya sauke da ƙarfi, ya saki.

"Na saya! Kai kuma kada in sake jin takunka a ƙofar gidana."

Kwana tara tana kuka a ɓoye. Ta yi wa Ata magana sau biyu, sau biyu ya ajiye kofin shayinsa ya fita. Ta kira Tilek, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaushe za ku tashi?"

Ranar tafiya ita ce a sitiyari. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji ƙugiyar ta yi ƙara. Har suka iso gindin dutsen, inda hanya ke fara murɗewa sama. Nan ne Ata zai koma cikin ɗakin ya miƙe bayansa.

Ta taka birki. Ta kasa sakin sitiyarin.

"Ata... ba zan iya ba. Ka zage ni, ka dake ni, amma ba zan hau da kai ba!"

Ata ya juyo gare ta. Sai ya buɗe ƙofa.

"Zo ki kai hannuna wurin."

Ta durƙusa tare da shi, ta ɗora yatsunsa a kan waldar. Ya shafa a hankali. Fentin ya ɓare a hannunsa, tsatsa ta zubo kamar gari, farcensa ya shige cikin tsagar.

"Kubat..." ya faɗa. "Ya san ba na gani, 'yata. Shi kaɗai ya gane."

Ta fashe da kuka ta rungume shi.

"Ya isa, ya isa." Ya goge hannunsa a riga. "Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Wannan tsohon injin da ke bin mu tun daga garin Kochkor, yana tari kamar ni, na wa ne?"

Ta ɗago. Can nesa a gefen hanya, akori-kurar garejin su Tilek ce a tsaye, shi kuma yana jingine da ita, hula a hannu, ya kasa matsowa.

"Kira shi," in ji Ata. "Ki ce ya zo ya ɗaura ɗakin a tasa."

Da Tilek ya iso ya rusuna, Ata ya lalubi kafaɗarsa ya riƙe.

"Ka ja a hankali, ɗana. In mun isa, kai za ka tsaya kusa da ni ka faɗa mini launin ruwan."