Mai Warin Taki

Zakiyya ta fasa goba ta uku da safen nan, ta tarar da abin da ta tarar a biyun farko: fararen tsutsotsi suna motsi a cikin jan naman. Ta yar da ita, ta tofar da yawu, ta goge hannu a zani.

"Inna, wannan ma haka take."

Inna Asiya tana tankaɗe a ƙofar madafi. Ta janyo ƙwaryar garin jikinta, ta yamutsa fuska. "Kada ki matso min da ita nan. Na gaya wa babanku a sare bishiyar nan kowa ya huta. Tunda damina ta zauna tsakar gidan nan ba ta rabu da ƙuda ba."

Zakiyya shekarunta ashirin da biyu, tana koyarwa a wata Islamiyya a Tofa, kuma duk abin da ya yi saura na lokacinta a bayan gida take ƙarar da shi, wajen goba ɗaya, lemon tsami ɗaya da manyan mangwaro biyu da mahaifinta Malam Iliyasu ya dasa tun tana goye. Ranar ce wata abokiyar aikinta ta saka ta a wani guruf na WhatsApp mai suna Lambun Bayan Gida. Dokar guruf ɗin ita ce duk sabon shiga ya faɗi sunansa, garinsu da bishiyoyinsa. Ta faɗa, sannan ta tura hoton gobar da tsutsotsinta, tana jin kunya kamar laifinta ne.

Aka yi ta yi mata maraba. Hajiya Tahira daga Rimin Gado, tsohuwar malamar aikin gona wadda ita ta buɗe guruf ɗin, ta ce kowa ya taɓa ganin haka. Wani daga Bichi ya ce ta yi feshi kawai. Sai wani mai suna Hadi daga Makoda ya turo saƙon murya, a nutse.

"Malama Zakiyya, wani ɗan ƙaramin ƙuda ne yake huda gobar ya zuba ƙwai. Ki tsince duk wadda ta faɗo, kullum, ki ɗaure a baƙar leda ki ajiye a rana. Waɗanda suke sama ba su nuna ba ki sa musu rigar takarda. Aikin ba daɗi, amma ba sai an sare ba."

Sati uku tana tsintar ruɓaɓɓiyar goba da hanci a toshe. A na huɗu ta fasa wata ta same ta fes. Ta yi wa Hadi godiya a guruf, ya amsa, daga nan hira ta koma tsakaninsu su biyu. Ta gane cewa ya yi difloma, bai samu aikin ofis ba, sai ya kama haɗa taki: yana bin gidajen kaji da turken shanu da bolar kasuwa, ya tara kashi da ɓawo da ganye, ya yi ta juyawa har su zama baƙar ƙasa. Bai ɓoye mata ba. Bayan wata biyar ya ce yana so ya zo ya gaida Baba.

Ya zo ranar Asabar da hantsi a kan babur, da buhun taki biyu ɗaure a baya, tsarabar bishiyoyinta. Ya yi wanka, ya sa farar shadda, amma doguwar tafiya da buhu a gadon baya ta bar masa wari. Da ya shiga gaida Inna, ta amsa a gajarce, ta ja mayafi ta rufe hanci. Yana fita ta sa aka ɗauke tabarmar aka shanya.

"Wannan shi ne wanda kika samo a waya? Mai kwasar bola? Kofin da ya sha ruwa ma ki wanke shi da toka."

"Inna, sana'a ce fa."

"Sana'ar da har farcensa ya yi baƙi? Ni zuciyata tashi take."

A zaure kuwa, bayan Malam Iliyasu ya tashi zuwa masallaci, yayan Zakiyya, Naziru, ya matso kusa da baƙon. Naziru dillalin kayan marmari ne a birni, ɗan gayu, ba ya fita sai da turare. Ya ce ya ji guruf ɗinsu ya haura mutum ɗari biyu, kowa da bishiya.

"Ka haɗa ni da su. Mu tsinke mangwaro tun yana ɗanye, in sa masa kabaid, farin dutsen nan na masu walda. Kwana biyu ya yi jawur, mu riga kowa shiga kasuwa."

Hadi ya girgiza kai. "Yaya, abin da ba zan ba mahaifiyata ta ci ba, ba zan sa a sayar wa uwar wani ba. Ka yi haƙuri."

Naziru ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Tun daga ranar, duk inda aka ambaci Hadi a gidan sai ya toshe hanci, Inna ta yi dariya.

Zakiyya ta zuba takin a gindin mangwaron. Da bazara ta zo, bishiyoyin suka yi 'ya'yan da ba su taɓa yi ba, har sai da aka tokare rassa da gwafa. Wata Laraba ta dawo daga makaranta ta tarar an kwashe fiye da rabi, ɗanye shar. Naziru ya ce ya kai wa wani abokinsa mai son ɗanye. Ranar Juma'a ya kawo kwano guda na nunanne, ya ce daga can saman bishiya ya kaɗo wa Baba. Malam Iliyasu ya sha uku bayan la'asar. Kafin magariba cikinsa ya murɗa, ya yi ta amai da zagayawa, washegari bakinsa duk ya sale.

"Ga shi nan," in ji Naziru, yana tsaye a kan mahaifinsa. "Ƙazantar da aka zuba a gindin bishiya ce ta hau cikin 'ya'yan. Kashin kaji muke ci ba mu sani ba."

Inna ta tashi ta yi waje tana kakarin amai. Da ta dawo ta nuna Zakiyya da yatsa. "In dai ni na haife ki, yaron nan ya fita daga bakinki. Ya kusa kashe mana maigida."

Malam Iliyasu, da muryar da ba ta fita sosai, ya ce a dakatar da maganar auren.

Zakiyya ta shiga ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Ta kira Hadi ta gaya masa komai. Ya ce taki ba ya yin haka, amma kada ta yi musu da iyayenta, ta kula da Baba, shi zai jira. Bai ambaci Naziru ba ko sau ɗaya, ko da yake zuciyarsa ta ba shi.

Kwana biyu tana jinyar Baba. A na uku ta ɗauki ragowar mangwaron da ke kwanon za ta zubar, sai ta tsaya. Bayansa rawaya ne ɗau da ɗigo-ɗigon baƙi, ga wata farar hoda a wajen hancin. Ta yanka: ciki fari, da tauri, ba ƙanshi. Ta ɗauki hoto ta tura guruf ba tare da ta ce daga ina yake ba.

Hajiya Tahira ce ta fara amsawa. "'Yata, wannan bai nuna a bishiya ba, nukar kabaid ce. Kada kowa ya sha. Ki duba inda aka ajiye shi, za ki ji wari kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa."

Zakiyya ta san warin. Kwana biyar kenan yana fitowa daga tsohon ɗakin ajiya da Naziru ya sa wa sabon kwaɗo, ita kuwa ta ɗauka ɓera ne ya mutu. Ta yi tunanin ta rubuta komai a guruf ta wanke Hadi a gaban kowa, sai ta tuna sunan da za ta ɓata na gidansu ne. Ta ajiye wayar, ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ina roƙon abu ɗaya. Ka sa Yaya ya buɗe ɗakin ajiya a gabanka."

Naziru ya yi ta kame-kame, ya ce mukullin ya ɓace. Malam Iliyasu ya sa Zakiyya ta kawo taɓarya. Ƙofar na buɗewa warin ya buge su. Kwandunan mangwaro ne jere a lulluɓe da buhu, nasu da na wasu gidaje, kowanne da ƙunshin takarda mai farar hoda a tsakiya, na ƙasa sun dame suna tsiyayar baƙin ruwa. Inna ta ja da baya.

Malam Iliyasu bai ɗaga murya ba. Ya dubi ɗansa tun daga hula har takalmi.

"Ka san abin da ke ciki, ka ɗebo da hannunka ka ba ni. Ka ga ina amai, ka ɗora wa bawan Allah. Sauran kuma, 'ya'yan mutane za ka kai wa." Ya kau da kai. "Matsa daga kusa da ni, Naziru. Turarenka hawa min kai yake."

Naziru ya zube yana kuka, ya faɗi komai, har tayin da ya yi wa Hadi a zaure da amsar da ya samu. Mahaifinsa ya sa shi ya haƙa rami a bayan gari ya binne kwandunan kaf, sannan ya bi gidajen da ya karɓo mangwaronsu ɗaya bayan ɗaya ya faɗi abin da ya yi.

Inna ce da kanta ta ce a kira Hadi. Da ya zo ta kasa haɗa ido da shi. "Ɗana, ka san duk wannan ka yi shiru?"

"Inna, gidan da nake neman shiga ne. Ban so in shigo da tonon asiri ba."

Ta zuba masa fura a kwanon da take ba maigida, ta zauna har ya shanye.

An ɗaura auren bayan babbar Sallah. 'Yan guruf suka cika mota guda suka zo, yawancinsu ranar suka fara ganin fuskar juna, kowa da dashen bishiya a leda maimakon kwano. Hajiya Tahira ce ta riƙe hannun amarya har Makoda.

Da Zakiyya ta yi wa iyayenta tsawa ranar da aka zalunce ta, ko Hadi ya rama da tona asiri, da ko gaskiya ta fito zukata sun riga sun ɓaci. Sun yi haƙuri, Allah ya wanke su. Iyaye kuma su duba da kyau kafin su toshe hanci: dattin da sana'ar halal ta bari a hannu sabulu yana fitar da shi, na mugun hali kuwa sai tuba.