Tsagar Ginshiƙi na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina sakataren ƙungiyar masu gidajen benenmu, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce. Rabinsa da idona na gani. Ragowar kuwa Ciyaman ne ya faɗa mini da bakinsa, a ranar da ba shi da sauran abin ɓoyewa. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Benen hawa shida ne, gidaje ashirin da huɗu, kowa da nasa. A ƙasa akwai wurin ajiye motoci, inda ginshiƙai takwas ke ɗauke da mu duka. Kowane wata muna zuba kuɗi a asusun gyara. Kowace shekara kuma wata mata, Injiniya, tana zuwa ta duba lafiyar ginin, ta rubuta rahoto, a karanta a taro, a yi kasafin baɗi. Ka dai san taron maƙwabta, awa uku ana cacar baki a kan kuɗin ƙwan fitila.

Shugaban ƙungiyar, wanda kowa ke kira Ciyaman, ɗan shagon kayan janareta gare shi a kasuwa. Yana hawa na uku da mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsa Auta, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu. Mutum ne mai fara'a da daɗin baki, sai dai yana da ciwo guda: ba ya iya ganin sabuwar motar wani ya ɗauke ido.

Wata shekara Injiniya ta ga tsaga a ginshiƙi na huɗu, siririya kamar silin gashi. Ta ɗauko ɗan tsinken gilashi mai tsawon yatsa, ta gicciya shi a kan tsagar, ta manne bakinsa biyu da gam. Ta ce mana, “Wannan shi ne mai gadinku. In ya zauna lafiya, tsagar ta mutu, sai a cike ta a manta. In ya fashe, ginin yana motsi. Ku kira ni ko da loma a bakina.”

A makon ne wani abokin ciniki ya yi wa Ciyaman raɗar wani mutum a bayan gari, wai ba a zuwa wurinsa a dawo yadda aka je.

Da rana tsaka ya je. Wurin kango ne, bene da aka fara aka watsar, rodi masu tsatsa sun yi cirko-cirko a samansa. Ya ce yana shiga ya ji sanyi ya ratsa shi har ƙashi, alhali a waje rana na dukan ƙeya. Ɗakin ba taga. Bangon nan huɗu duk tsaga ne, kowace an cusa mata wani abu: tsumma, gashin mutum, takalmin jariri, haƙora. Wani baƙin ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa daga cikinsu, ƙudaje sun yi dafifi amma ba ka jin kukansu. A tsakiya wani tsoho yana zaune a kan bulo, hannuwansa sun yi kanta da siminti, ya ɗora cokalin gini a cinya. Da ganinsa ka san tsohon magini ne.

Kafin Ciyaman ya buɗe baki, tsohon ya ce, “Akwai baki a ƙarƙashin gidanka. An sa masa gilashi.”

Ciyaman ya durƙusa. Ya ce, “Baba, ni arziki na zo nema.”

“Na sani. Ba ka da abin biya, amma kana riƙe da gini. Ka bar bakin nan a buɗe. Duk ranar da gilashi ya fashe, ka kwaso mini shi, ka manna sabo. Kowane gilashi ƙofar arziki ce.”

“Shi ke nan?”

“Fenti ba ya damunsa, ka shafa yadda kake so. Siminti ne ba ya so.”

“Me zai ci, tunda ka ce baki ne?”

Tsohon ya kankare busasshen siminti daga farcensa. “Abin da ya jingina da shi. Ba ni nake zaɓar masa ba.”

“Iyalina fa? A ciki suke.”

“Ka kwashe su mana. Wa ya riƙe ka?”

“In kuma mutane suka matsa aka cike shi?”

Nan tsohon ya ɗago ya dube shi. “Ranar da aka cika masa baki, a jikinka zai buɗe. Daga wuya zuwa cibiya.”

Mai hankali da nan zai ɗauki takalmansa. Ciyaman kuwa lissafi ya yi: shekara biyu ta ishe shi ya gina nasa gidan ya fice. Ya miƙa hannu. Tsohon ya tsaga masa tafi da bakin cokalin ginin, ya ja shi zuwa bango, ya danna hannun a kan wata tsaga. Ciyaman ya rantse mini ya ji abin yana tsotso, a hankali, kamar jinjiri a nono.

Kwana tara gilashin farko ya fashe. Ya je wurin mai yankan gilashi ya sa aka yanko masa guda hamsin iri ɗaya, ya zuba a aljihun mota. Kafin wata ya ƙare wani kamfani ya ba shi kwangilar janareta arba'in. Shago ɗaya ya zama huɗu. Mota ta zama uku, har ya rasa inda zai ajiye su a ƙasa.

Bari in faɗi gaskiya ko da ta ƙona ni: bai taɓa ko sisi a asusunmu ba. Da sata ya yi da mun kama shi, don a kan kuɗi idonmu biyu. Abin da ya yi shi ne ya daina kashewa. Injiniya ta zo ta ga gilashi lafiya, ta ce a cike tsagar, ya ce a bari sai kasafin baɗi. Bututu ya yi yoyo a cikin bango, ya aiko mai fenti. Da asusu ya cika ya tumbatsa, sai ya rage mana kuɗin wata da rabi. Wayyo, ka ga tafi a taron nan! Muka sake zaɓensa babu hamayya, har da masu cewa Allah ya bar mana shi.

Mai gadin ƙofar benenmu ne ya fara tafiya lahira. Yakan jingina kujerarsa da ginshiƙi na huɗu da azahar saboda inuwa. Wani ɓangaren kankare ya ɓallo daga sama ya same shi a ka, ko shurawa bai yi ba. Muka ce kwana ya ƙare. Bayan wata biyar wani tsohon direba a hawa na biyar ya dafa ƙarfen barandarsa yana kiran mai kayan miya, ƙarfen ya tafi da shi har ƙasa. Muka ce ai tsohon ya cika leƙe. A makon da aka binne shi Ciyaman ya sayi fili.

Tsagar kuwa tana hawa. Ta bi ta bayan fenti, hawa ɗaya, hawa biyu, har ta fito a ɗakin mahaifiyarsa. Inna tsohuwa ce mai natsuwa, amma sai ta fara cewa bango yana tauna. Tana kishingiɗe da rana sai ta zabura ta ce, “Ku ji! Ya fara!” Wata rana na shiga gaishe ta na tarar da ita durƙushe, tana cusa abincinta cikin tsagar da yatsa, tana kuka tana cewa, “Ci wannan, ka bar mini jikata.” Na fito da sauri, domin da idona na ga abincin yana shigewa, ba ya dawowa.

Ciyaman ya gama sabon gidansa cikin gaggawa, ya zo ya ce mini za su tashi. Ni kuma, da iyayina na sakatare, na buɗe kundin dokokin ƙungiya na nuna masa doka ta bakwai: shugaba dole ya zauna a cikin benen, shi da iyalinsa. Shi da kansa ya kawo dokar shekarun baya, lokacin da yake neman ture tsohon shugaba da ya koma wata unguwa. Hujjarsa a lokacin ita ce wanda 'ya'yansa ke kwana ƙarƙashin rufi ba zai yi wasa da rufin ba.

Na ce, “In ka tashi sai a yi sabon zaɓe. Mataimakinka ma ya ce aikinsa na farko shi ne cike tsagar nan.”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya shafa wuyansa ya ce, “A'a, mun fasa. Inna ba ta son sabon wuri.”

Injiniya ba sakarya ba ce. Bayan rasuwar direban ta ɗiga jan farce a bayan gilashin ba ta gaya wa kowa ba. Da ta dawo bayan sati biyu ta tarar da gilashi garau, babu ɗigo. Ta kankare fentin da ke gefe, ta tura hannunta cikin tsagar har wuyan hannu. Ranar Asabar ta sa aka kira taron gaggawa a ƙasa, a gaban ginshiƙin.

Ta ce, “Wani yana canza mini gilashi. Ban san ko wane ne ba, Allah ya sani. Ginin nan yana tafiya. Ku fita yau, a tokare shi da ƙarafa, a yi aikin wata uku.”

Wani ya ce, “Nawa?”

Da ta faɗa, wurin ya kaure. Asusun ba zai kai ko rabi ba, sai kowa ya ninka kuɗin wata sau huɗu, ga kuɗin haya a wani wuri. Wannan ya ce injiniyoyi haka suke cin abinci, wancan ya ce ginin ya girmi 'ya'yansa bai taɓa faɗuwa ba. Sai wata mai ɗinki daga hawa na biyu ta ce, “Ni dai ma'aunina ɗaya. Ga Ciyaman da kuɗinsa da sabon gidansa, amma 'yarsa a nan take kwana. Ranar da ya kwashe ta, ni ma zan kwashe nawa.”

Kowa ya juya. Auta tana tsaye a kan matakala da littattafanta a ƙirji, jarrabawar gama sakandare take shiri. Ta ce, “Baba, da gaske ne abin da Anti take faɗa? Ni fa tsoro nake ji.”

Ina kusa da shi, na ga gumi yana bin bayan kunnensa. Kalma ɗaya ce tsakaninmu da tsira, kuma ya san ransa ne kuɗinta. Sannan ya yi murmushin nan nasa ya ce, “Haba Auta. Da akwai matsala zan bar ki a ciki? Je ki yi karatunki, lafiya lau ne.”

Aka kaɗa ƙuri'a a ɗage aikin zuwa kasafin baɗi. Mutum ashirin suka ɗaga hannu, har da ni. Injiniya ta tattara takardunta, ta ce Litinin za ta kai rahoto hukuma, ko muna so ko ba ma so.

Lahadi da hantsi Ciyaman ya koma kangon, ya zube a gaban tsohon yana roƙo a warware. Tsohon ya ce, “Ba a warwarewa. Ko ka fitar da su a cika bakin, ka tafi kai kaɗai, ko ka bar shi ya ƙoshi. Ka daɗe da sanin wannan.” Ciyaman ya fito ya zauna a mota fiye da awa biyu, ya kama sitiyari. Abin da ya yanke a ƙarshe shi ne gobe da sassafe zai fitar da nasa mutum uku a ɓoye, ya ce asibiti za su kai Inna. Mu sauran ko oho.

A ranar ni na je karɓo magani a kemis, ina dawowa da la'asar na ji ƙarar. Ba ta yi kama da komai da na sani ba. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe titi, da ta lafa sai na ga sararin sama a inda gidana yake.

Ciyaman ya iso ana tono da hannu. Yana fitowa daga mota wayarsa ta yi ƙara. Ni na danna masa, muryar Auta ta fito kowa yana ji.

“Baba... duhu. Ƙafata ba ta motsi. Mama ba ta amsawa.”

“Auta! Ga ni nan, ga ni a waje, yanzu za a fito da ke!”

“Na so in tafi gidan ƙawata in yi karatu. Sai na tuna ka ce lafiya lau.” Ta yi tari. “Baba, akwai wani abu kusa da ni. Yana tauna.”

Muna jin numfashinta har kusan minti ashirin, yana kiran sunanta, yana yaƙushin kankare har faratansa suka cire. Daga nan wayar ba ta mutu ba, Auta ce ta yi shiru.

A nan kan tarkacen ya kama rigata ya faɗa mini komai, tun daga kango har zaman mota. Gawa talatin da ɗaya aka zaƙulo. Da aka zo tafiya da Ciyaman bai san ko sunansa ba, kuma har yau yana ɗaure a asibitin masu taɓin hankali, ba ya yarda a kwantar da shi kusa da bango. Shagunan da motocin duk sun bi iska kafin shekara ta zagayo.

To, kai mai sha'awar arzikin dare ɗaya, ka ji da kyau: wanda zai ba ka abin da ba ka yi gumi a kai ba, ya riga ya zaɓi abin da zai ɗauka, kuma ba zai ɗauki wanda za ka iya rabuwa da shi ba. Amma kada ka tsine wa Ciyaman ka koma ka miƙe ƙafa. Shi ya je wurin boka, mu ba mu je ko'ina ba. Kwaɗayin rabin kuɗin wata kawai ya sa mutum ashirin suka dubi rami a ginshiƙi suka ɗaga hannu. Ni na ɗaga nawa da hannun dama, na kuma rubuta sakamakon a littafi da kyakkyawan rubutu. Lokacin da benen ya rufta, matata tana hawa na huɗu tana ninke mini wanki.