Kusurwar Bayan Ɗakin Inna

“Ta faɗa miki, Laila? Da bakinta ta faɗa miki?”

Maiwada ne ke tambaya, yana tsaye a tsakiyar ofis da hularsa a hannu. Lailatu ta kasa ɗaga kai daga teburin zane. Ta faɗa mata mana. Tun ba a sauke bulo ko ɗaya a gidansu na unguwar Tudun Fulani da za su sake ginawa ba, Inna Rekiya, mahaifiyar Maiwada, ta ja ta gefe ta ce a rushe duk abin da za a rushe, amma a bar mata kusurwar bayan ɗakinta yadda take. Lailatu ta ce to, ta dawo ofis ta zana sito a daidai wurin, don in ba haka ba katangar za ta karkace. Ko mijinta Maiwada ba ta gaya wa ba.

Shekaranjiya Inna ta dawo daga tallan nono ta tarar magina sun kwashe 'yan duwatsun da ke kusurwar, sun zuba kankare. Ta ajiye ƙwarya, ta ja mayafi, ta tafi rugar ƙaninta Buba can bayan Bosso. Aiken duniya an yi mata, ta ce ba ta dawowa.

“Uwata ta bar gidan mijinta saboda katanga,” in ji Maiwada. “Ni kuwa na ɗauka gata muke yi mata…”

Ya fice. Mutumin da ba ya barin ofis sai ya ce “Hasken idona, sai na dawo,” yau ko waiwaye babu.

Ofishin nan na unguwar Tunga a Minna na Turawa ne mata da miji, Tapani da Sirkka, mutanen Finland, masu zanen gine-gine. Sun zo ne shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha. Teburi ɗaya suke aiki, suna fuskantar juna, kuma zane ba ya fita sai duka biyun sun sa hannu. Su yi ta musu da yarensu a kan taga ɗaya kamar za su daku, anjima ka gan su suna shan kofi a moɗa guda. A ƙasarsu rana ɓuya take yi wata da watanni, shi ya sa gidajensu na farko a Minna suka zuba musu tagogi manya-manya, masu gida kuwa suka bi suka toshe da tabarmi. Tun daga nan ba su ƙara zana gidan kowa ba sai sun je sun shimfiɗa tabarma a tsakar gidan, sun wuni suna kallon inda ake zama da inda ake bi.

A wajensu Lailatu da Maiwada suka koyi aiki bayan sun gama karatu a Zariya, a teburinsu kuma soyayya ta kama su. Gidajen baƙi kaf sun je sun yi wannan zaman. Da aka zo kan na Inna, sai suka ce ai gidansu ne, me za su kalla? Ka ji wautar masu ilimi.

Madam Sirkka ta matso da kujera. Da Hausarta mai tuntuɓe ta tambayi abin da tsohuwar take yi a kusurwar. Lailatu ta ce ba komai, shara ce kawai kowace safiya, sai ta yayyafa ruwa ta ɗan zauna. Ta shuka wani abu a wurin? A'a. Tana ajiye kaya? A'a.

Sai Baturiyar ta ce ita ma tana da irin wannan wurin a garinsu, ta daɗe tana share masa ƙanƙara kowace safiya. Ɗansu ne kwance a wurin, shi kaɗai suka taɓa haifa. Da Tapani ya ga za ta zauce, shi ya nemo musu aiki a nesa.

Nan take Lailatu ta gane. Innalillahi… me ta aikata? Ko jakarta ba ta ɗauka ba ta fita neman mota.

A rugar ta tarar da Maiwada zaune gaban Kawu Buba, idanunsa jajur. Kawu ya riga ya fasa ƙwan. Ashe kafin Maiwada, Inna ta haifi mace, ta rasu tana jaririya, aka binne ta a bayan ɗaki kamar yadda ake yi a da. 'Yar fari ce, Bafulatana kuwa ba ta ambaton ɗan fari, yana raye ma, balle ya mutu. Wannan kunyar ce ta hana ta faɗin dalili.

Lailatu ta shiga bukkar da rarrafe, ta kifa kai a ƙafafun surukarta. Ta ce ita ce, ba magina ba, ba Maiwada ba; an gaya mata, ta ji, ta take.

“'Yar nan, sun tona?”

“Ba su tona ba, Inna. Ciko suka yi a kai.”

Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta juya fuskarta bango. Ba ta ce ta yafe ba.

Washegari da hantsi Lailatu ta sallami Ndakotsu, shugaban maginan, ta ce diga ba za ta taɓa wurin nan ba. Ta durƙusa da ƙaramar guduma da kurfi tana fasa kankaren kaɗan-kaɗan daga gefe. Kafin azahar tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ta ci gaba tana kuka. Sai ta ji an riƙe gudumar.

“Kawo, Laila.”

“Bar ni, ni na zuba shi.”

“Ni fa? Tun ina rarrafe nake ganin tana share wurin nan, ban taɓa cewa Inna me ke nan ba.” Ya cire hularsa ya naɗe mata hannu da ita. “Tare muka sa hannu a zanen, masoyiyata.”

Tapani da Sirkka sun zo da yamma, suka tsaya daga zaure, ba su shigo ba. A nan tsaye Tapani ya gyara zanen, katangar ta kauce ta bi ta gefe, karkatacciya, Sirkka ta sa hannu ba musu.

Sai da jar ƙasa ta bayyana, aka mayar da duwatsun, sannan Kawu Buba ya kawo Inna. Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa ta shafa ƙasar, ta gyara zaman dutse ɗaya da aka juya. Lailatu ta ja baya za ta ba ta wuri, Inna ta kamo gefen zanenta ta zaunar da ita kusa da ita.

Ba ɗanta ta kalla ba, hannun Lailatu mai ciwo ta riƙe, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Sharifa aka sa mata. Ko zama ba ta fara ba.”

Maiwada ya toshe bakinsa ya nufi zaure, don kada uwarsa ta ga yana kuka.