Alawa Uku a Cikin Jaka

Hannunta ne ya fara rawa.

Auta ta tura shi ƙarƙashin mayafi, ta saci kallon agogon bangon falon. Biyu da kwata. Saurayinta ya ce mata ƙarfe ɗaya daidai ake cin abinci a gidansu, ko minti ba ya wucewa. Shi ya sa tun sha biyu da rabi ta shige ɗakinta ta yi allurarta ta ciwon suga, don kada ta yi ta a gidan mutane ranar farko.

Ita kuwa allurar ba ta san jira ba. In ta shiga jiki, abinci take nema.

"Baƙuwarmu shiru-shiru ce," in ji Gimbiya, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda a gidan ta girma. "Ko mu ne ba mu yi miki ba?"

"A'a... lafiya lau."

"Ki yi haƙuri fa, abincin ne bai nuna ba."

Ta faɗa tana murmushi, alhali tun ɗazu ƙamshin shinkafar da aka sauke ya cika gidan. Auta ta gane. Ya taɓa gaya mata Gimbiya ta daɗe da sa rai da shi, shi kuwa kallon ƙanwa yake mata.

Shi kansa ba ya nan. Firjin wani mai shago a bakin layi ya tsaya, aka zo aka roƙe shi, ya ce minti goma. Umma, mahaifiyarsa, ta fito sun gaisa, ta riƙe hannunta ta ce, "Kai, yarinyar nan da hankali take," ta koma ciki sai an kira ta cin abinci.

Jakarta kuma tun a bakin ƙofa Gimbiya ta karɓe.

"Kawo in ajiye miki a ɗaki, ai ke ta gida ce."

A cikin jakar nan akwai alawa uku, don ta tsotsa in sugan jikinta ya faɗi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Baba, mahaifinta, yana saka mata su kowace safiya, tun tana 'yar sha uku da likita ya faɗa musu sunan ciwon. Gyaran agogo ne sana'arsa, kuma tun da mahaifiyarta ta rasu ya mai da rayuwarta agogo. Ɗaya yana kaɗawa lokacin awon suga, ɗaya lokacin allura, ɗaya lokacin ci. Har a shagon ɗinkin da take aiki abokanta sun haddace muryarsa a waya.

"Kin ci? Me kika ci? Nawa ya nuna?"

Ta dalilin ciwon ma suka haɗu da saurayin nata. Ranar da firjinsu ya mutu da kwalaben maganinta a ciki, Baba ya fita ba hula ya dawo da wani dogon saurayi riƙe da akwatin kayan aiki. Ya gyara, ya ga kwalaben, bai tambaya ba. Kashegari ya dawo wai ya ji ko firjin yana ƙara. Rana ta uku ma ya dawo.

"Mai Firji," ta ce masa ranar, "anya ba kai kake roƙon Allah ya sake lalacewa ba?"

"Wallahi addu'ar har ta fi ƙarfin bakina."

Sunan ya bi shi.

Da zancen zuwa gidansu ya taso, Baba ne ya zaunar da su.

"Kada ki faɗa musu ranar farko, Auta. Bari su san ki, su so ki tukuna. Mutane suna jin sunan ciwo sai su daina ganin mutum."

Mai Firji ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba. Ni zan gaya wa Umma... a hankali."

Yanzu gumi ne yake bin bayan wuyanta, mai sanyi. Hoton bango ya zama biyu. Ta san abin da ya kamata: ta buɗe baki ta ce a ba ni suga. Kalma huɗu kacal. Amma in ta faɗa za a tambayi dalili.

Ta miƙe.

"Jaka... jakata..."

Harshenta ya yi nauyi. Ta yi taku ɗaya, ƙafarta ta ƙi, ta zube a jikin kujera tana wata dariya da ba tata ba.

Gimbiya ta ruga ɗaki, ta fito tana ɗaga sirinji sama. Ashe tun ɗazu ta gama binciken jakar, lokaci take jira.

"Umma! Umma, fito ki gani! 'Yar ƙwaya ya kawo mana! Ga allurarta, ga ta nan a buge!"

Umma ta fito da sauri. Ko kallon sirinjin ba ta yi ba. Ta durƙusa ta ɗora tafinta a goshin Auta, ta kama yatsunta masu rawa, ta leƙa idonta.

"Yaushe kika yi allurar?"

"Sha... biyu..."

"Innalillahi! Ba ki ci komai ba?" Ta juya. "Ke! Suga cokali uku a rabin kofin ruwa. Yanzu!"

"Umma, ni fa cewa nake..."

"Za ki kawo ko sai na taso?"

Ta tallafo kan Auta a ƙirjinta, tana ba ta kaɗan-kaɗan.

"Haɗiye, 'yata. Yauwa. Ƙara. Kada ki rufe ido, ki dube ni."

A hankali hoton bango ya koma ɗaya. Umma ta sa aka kawo burodi, ta tsaya a kanta sai da ta ci. Sannan ta yi abin da Auta ba ta taɓa gani a wajen kowa ba in ba Baba ba. Ta zare mata takalmi, ta ɗora ƙafarta a cinya, tana buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya tana dubawa.

Zuciyar Auta ta cika. Ta ce a ranta, ashe tsoron banza muka yi. Ga uwa Allah ya ba ni.

Sai ɗigon ruwa ya sauka a kan ƙafarta.

Umma kuka take.

Daidai nan Mai Firji ya shigo, hannunsa duk baƙin mai. Ya ga kofi, ya ga sirinji a ƙasa, ya tsaya cak.

"Ka sani?" in ji Umma, ba ta ɗago ba.

"Na sani, Umma."

"Ita ta san abin da ya kashe ubanka?"



Auta ta dube shi. Rashin lafiya, haka kawai ya taɓa ce mata.

"Shekara tara," in ji Umma. "Shekara tara ina duba ƙafa irin haka. Yatsa aka fara cirewa. Sannan zuwa gwiwa. Sannan idonsa ya tafi, yana kiran sunanka kana gabansa bai gan ka ba. Kai ne kake ɗaukarsa zuwa banɗaki kana ɗan sha biyar! Ka manta?"

"Umma, nata daban ne, tana kula..."

"Ni ban kula ba?"

Ta mai da wa Auta takalminta da hannunta, ta gyara mata mayafi.

"'Yata, wallahi ban ƙi ki ba. Tun da na gan ki raina ya kwanta da ke. Amma ba zan iya ba. Ba zan iya sake ganin kwalbar nan a firjina ba... Ki yafe mini."

A gida Baba ya saurara har ƙarshe. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ni ne," ya ce. "Ni na ce ki ɓoye. Shekara goma sha ɗaya ina tsaron ki, da bakina na kusa kashe ki."

"Baba, ka daina."

"Alawar fa? Na saka! Uku na saka!"

"Ka saka, Baba. Jakar ce ba ta hannuna."

Bayan kwana huɗu ya sa rigarsa mai kyau ya tafi wajen Umma shi kaɗai. Bai yi awa ba ya dawo. Ya zauna a teburin aikinsa, ya ɗauki wani agogo.

"Me ta ce?"

"Na ce mata likitoci sun ce mai kula yana tsufa da shi, ya haihu, ya ga jikoki. Na ce ban taɓa bari kin tsallake awa ɗaya ba." "Ta ce ita ma ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta ba ni ruwa, ta raka ni har ƙofa. Auta... na rasa abin da zan ce wa matar nan. Tsorona ne na gani a fuskarta."

Wata biyu Mai Firji yana zuwa, kullum sai ya ƙara ramewa. Ya tura kawunsa wajen Umma, ya tura yayarsa. Umma ba ta yi faɗa ba, ba ta yi baki ba. Abinci kawai ta rage ci, ta ɗauko hoton mijinta ta ajiye a gefen gado.

Ran wata Asabar da hantsi ya zo ɗauke da kwali a kafaɗa. Ya sauke a tsakar gida ya buɗe. Ƙaramin firji ne, fari, bai wuce tsayin gwiwa ba.

"Da hannuna na haɗa. Ko wuta ta ɗauke zai riƙe sanyi kwana guda. Na ɗakinmu ne." Ya durƙusa gabanta. "Sanyin idona, mu yi auren nan. Umma za ta sauko, na rantse. In ta ga kina lafiya shekara ɗaya, biyu..."

"In ranar nan ta sake dawowa fa? Don za ta dawo, Mai Firji. Ko na kula, wata rana sai ta dawo."

"Ina nan."

"Kana nan, kana kallona kana ganin babanka."

"Ba haka ba ne!"

"To me ya hana ka gaya mini?"

Ya mai da idonsa kan firjin.

"Wata takwas muna tare," ta ce. "Ka san awona na safe, ka san na yamma. Ni ban san yadda mahaifinka ya rasu ba. Ba Umma kaɗai take tsoro ba, rabin raina. Kai ma kana yi. Ita dai ta fi ka faɗa."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Ina son ki, Auta."

"Na sani. Ni ma wallahi... Amma matar nan ta ɗora kaina a ƙirjinta ta ceci raina. Ba zan saka mata da shiga gidanta tana ƙirga yatsuna kullum ba. Kuma na gaji da zama abin da ake faɗa a hankali."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya ɗauki firjin ya kai ɗakinta, ya jona shi, ya kara kunnensa a jiki yana saurare kamar yadda ya saba.

"Kada ki cika buɗe shi," ya ce a bakin ƙofa.

"To."

"Ki ci abinci."

"To."

Bai waiwaya ba. Baba yana zaune a teburinsa, ya juya musu baya, kafaɗunsa suna motsi.

Ran Litinin ta koma shago. Ƙarfe ɗaya ta buɗe kwanon abincinta a kan keken ɗinki, ta ajiye cokali a ciki, sannan ta fito da allurar a gaban kowa, har da wata mata da ta zo awon riga.

"Lafiya, 'yan mata?"

"Ciwon suga ne da ni," in ji Auta. "Ki ba ni minti goma in ci."

Da yamma ta kwaso rigunanta duka ta baza a kan gado. Ta farke gefen kowace, ta yanka ƙyalle, tana ɗinka musu aljihu ta ciki. Ƙaramin firjin yana ta 'yar ƙararsa a kusurwa.

Da safe Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin, hannunsa a dunƙule, idonsa yana neman jaka.

Ta buɗa masa aljihun.

Ya saka ɗaya, ya saka biyu, ya saka uku. Ya tsaya jim. Sai ya laluba rigarsa ya ƙara ta huɗu.