Ƙwarangwal a Bangon Choggu

Ya dawo! Wallahi mijina Yazeed ya dawo, ga shi nan riƙe da jaririyar kamar ƙwai!

Ku tsaya in ba ku labari...

Cikina wata tara, ina gidan Mma, mahaifiyata, a unguwar Nyohini zaman haihuwar fari, sai ga Rafi'atu, wadda ta daɗe tana son mijina, ta diro daga yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, tana haki.

"Mma, ku ga abin da surukinku mai fenti ya zana a bangon kemis na unguwar Choggu!"

Ta miƙa waya.

Ni ce a zanen. Har wushiryata. Ina kwance, ƙwarangwal ya kama ƙafata yana ja.

Mma ta saki salati. "Mutuwa ya zana wa 'yata, da ciki a jikinta?"

Da Yazeed ya zo, Mma ta tare ƙofa.

"Mma, ban gama ba ne, da baƙin fenti ake farawa..."

"Ita kake so ka gama! Kawo takardar sakinta!"

"Basira! Masoyiyata, fito ki ji ni!"

Ina jin sa. Ƙafata ta kumbura, ko tashi ban iya, sai kuka. Ni ma na tsorata, ba zan ɓoye ba.

Kwana huɗu sai naƙuda. Aka yi mini aiki, jini ya ƙi tsayawa. Nas ta ce irin jinina babu a asibitin. Mma ta zauna a ƙasa, hannu a ka.

Sai ga mutane... masu yelo-yelo, masu wake da shinkafa, har mai kemis ɗin, suna naɗe hannun riga.

Mma ta ce, "Wa ya aiko ku?"

"Bangon nan!"

Ashe tun a awon ciki likita ya faɗa wa Yazeed jinina na da wuyar samu, ya ɓoye mini. Ya ƙarasa zanen, ya rubuta irin jinina da lambarsa a ƙasa.

Da na farfaɗo ya nuna wa Mma hoton zanen da ya ƙarasa.

"Wannan nas ce, ta dafe ƙirjin ƙwarangwal tana ture shi. Jan zaren nan jini ne, daga hannun mutane zuwa na Basira. Fitilar da ke cikinta, yarinyar ce."

"To ƙwarangwal fa? Don me ba ka goge shi ba?"

"Ba ya goguwa, Mma. Jinkiri kawai muke roƙon Allah."

Mma ta share ido da mayafi.

"Ungo 'yarka... a'a, wanke hannu tukuna, duk fenti!"

Suna ranar Asabar, za a raɗa mata Suhuyini! Don Allah ku tura wa kowa. Har Rafi'atu, ta zo ta ci tuwo.